Tsakuwar Malama Balkisu a Cikin Waya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Balkisu. A Liba aka rufe ta, cikin zafin bazara, daidai lokacin da ake loda buhunan albasa ana kai su Aliero. Har yau in motar albasa ta wuce ta ƙofar gidana a Jega, warin ya bugi hancina, sai in ji kamar yanzu aka aiko mini da rasuwarta. Kowace shekara nakan yi mata sadaka da addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai wata magana tata da ni na ɓata da bakina, kuma 'yarta ce ta kwashi ciwon.

Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya hutawa. Aikin ungozoma na yi har na ajiye, kuma mai wannan aiki in ba ta iya tsawa ba ta shiga uku. Yaya ba haka take ba. Doguwa ce siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka matso kafin ka ji abin da ta ce. Malamar firamare ce a Liba, ta 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda ake kawowa da majina da kuka. An sha yi mata tayin ta koma ofis a Maiyama ta huta, ta ce ita ba ta iya zaman kujera ba. Duk garin Malama ake ce mata, har mijinta.

Kayan aikinta wani gwangwanin madara ne cike da tsakuwa masu sulɓi da ta tsinto a bakin gulbi. Da su take koyar da lissafi, ta hanyar carafke, wasan nan na 'yan mata da kowa ya sani. A zube duwatsu goma sha biyu a ƙasa, a cilla wani sama, kafin ya sauko a ɗebi na ƙasa a cafe shi. Da farko ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, har hurhuɗu. Maza ma sai sun yi, suna yi suna ƙunƙuni. Iyaye sun yi ta surutu da fari, wai an kai yara boko an mayar da su wasan ƙasa. Da yaran suka fara ƙirga tumaki da kwandunan albasa ba kuskure, surutun ya mutu da kansa. Ni in na je Liba nakan hango su daga nesa, a zazzaune gungu-gungu a inuwar dogon-yaro, ana ta ihu. Ban taɓa tsayawa na ga darasi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Me zan tsaya gani? Carafke ce, tun ina yarinya nake yin ta, kuma na ɗauka na gama saninta.

'Ya'yan Yaya biyar ne, ta farin ita ce Saratu. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce, don kakarmu Bafulatana ce kuma ta bar mana abin da ƙarfinsa. Ranar da aka yaye Saratu, mahaifiyarmu ta goyo ta har Jega ta sauke mini a ɗaki. A lokacin shekarata huɗu da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kuma haka Allah ya bar ni har yau. Tun daga ranar na zama Inna a bakin Saratu, uwar da ta haife ta kuma ta zama Malama, kamar yadda kowa ke faɗa.

Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ba ta ci abinci kwano ɗaya da ita ba, ba ta yi mata kitso ba, ba ta yi mata faɗa ba. In mun je hutu Saratu ta shiga ɗaki, sai Yaya ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Abu ɗaya ne kawai. Duk ranar da zan koma Jega takan rako ni bakin hanya, in mun yi nisa da mutane sai ta kau da kai gefe ta ce, "Ɗiyar nan taki, ta iya lissafi?" Ni kuma in ce, "Ta fi ki." Sai ta yi murmushi ta juya gida.

Mata da yawa suna sassauta wannan kunya in yaro ya girma. Yaya ba ta sassauta ba, kuma ni ban taimaka mata ba. Da na so, da na tura yarinyar ta yi wata guda a ajinta, da na zaunar da su wuri ɗaya na tashi na ba su wuri. Ban yi ba. Kalmar nan "taki" daɗi take yi mini, wallahi daɗi take yi mini, kuma ina tsoron ranar da za ta daina fitowa daga bakinta. Yau da na tsufa ba ni da wanda zan ɓoye wa wannan.

Saratu ta yi karatun kwamfuta a Aliero, ta yi aure nan Jega. Ranar rasuwar tana zaune a gefena cikin masu zaman makoki. Maƙwabtanmu na Jega da suka zo gaisuwa, waɗanda ba su san asalin maganar ba, suna ce mata, "Sannu da rashin yayar Innarki." Tana amsawa, "Sannunmu." Ban gyara musu ba, ita ma ba ta gyara ba. Da aka zo rabon kayan ɗaki, ƙannenta suka ce ta zaɓa tunda ita ce babba. Ba ta taɓa zane ko kwano ba, gwangwanin nan kawai ta ɗauka. Bayan shekara ta haifi mace aka sa mata Balkisu, muna kiranta Ummi.

Daga nan ta shiga wani aiki da ban gane kansa ba. Kullum tana gaban kwamfuta, goyo a baya, ita da wasu ƙawayenta biyu. Sun fi shekara biyu suna abu ɗaya. Wata rana da hantsi ta shigo ta zauna kusa da ni ta miƙo mini waya. Sai ga rairayi a fuskar wayar, ga duwatsu goma sha biyu a kai. Na gane su nan take, har da wani ja mai tsaga a gefe, don hotonsu ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya daga gwangwanin. Ka taɓa da yatsa dutse ya tashi sama, ka shafo na ƙasa kafin ya sauko, wata murya ta ce da Hausa raɗau, biyu, huɗu, shida. In ka kuskure sai ta ce ka sake gwadawa, duwatsun su koma wurinsu nan da nan. A saman an rubuta Carafken Malama.

Ta bar ni na gama murna da tafi, sannan ta ce, "Inna, haka take yi?"

Na san abin da ya sa ta tambaye ni. Ƙannenta sun tashi a gaban Malama, sun san komai nata. Amma mace ta je ta tambayi ƙanenta yadda uwarta take, ai ta faɗa da bakinta ke nan cewa ita baƙuwa ce. Ni kaɗai za ta iya tambaya, ni kuwa ban sani ba. Na dubi idonta, na ga shekara biyu na wahala a ciki, na ga abin da ya fi shekara biyu. Na ce, "Sak! Kamar tana zaune nan." Ta cusa fuska cikin hijabi ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

Kada a ce na raina aikinta. Wasan ya shiga wayoyin mata da yawa a unguwarmu, wannan ta tura wa waccan. Yaran da ba su shiga makaranta ba suna rera ɗaya zuwa goma sha biyu, suna gane lambobi in sun gani a jikin mota. Ummi kafin ta cika shekara biyar ta cinye duk matakan wasan. Ni ce mai yi masa talla, duk gidan suna ko biki da na je sai na zaro waya na nuna aikin 'yata. Wata rana ina girki na ajiye albasa goma a faranti, na ce wa Ummi ta miƙo mini huɗu ta gaya mini saura nawa. Ta miƙo huɗun daidai. Sai ta ɗora yatsa a kan albasa guda ta tsaya tana kallonta, tana jira ta yi magana. Na yi dariya har da hawaye, na ba uwarta labari ita ma ta yi dariya.

Bara, da zan je Liba yin sadakar shekara, na sauka a Maiyama na hau kabu-kabu. Mai babur ɗin magidanci ne, sunansa Mamman. Tun a hanya yake waiwayowa, har na ce masa ya dubi gabansa kada ya zubar da ni a gonar mutane. Ya ce kamannina ne suka ɗaure masa kai, ko ni 'yar'uwar Malama ce? Ashe ɗalibinta ne. Da muka isa, ni da bakina, na zaro waya na ce ya ga Malamarsu ta shiga zamani. Ya karɓa da hannu biyu, ya taɓa, ya yi murmushi da ya ga jan dutsen. Ya yi zagaye ɗaya, ya yi na biyu, sai murmushin ya ɗauke.

"Hajiya, wanga abu ya yi kyau," in ji shi. "Amma ina masu jira?"

Na ce masu jiran me?

Ya kafe babur ya tsuguna a ƙasa yana nuna mini da yatsa. "Ai mai wasa ba ta ƙirga komi, Hajiya. Idonta na sama wurin dutse, ina ta ga ta ƙirga? Mu da munka zauna muna jiran layi, mu ke lissafin. Duk ɗiban da anka yi, na gaba shi za ya faɗi saura nawa a ƙasa kafin a sake cillawa. In ka yi kuskure, layinka ya wuce, sai na bayanka. In mai wasa ta ɗebi uku wurin biyu kuma ka kama ta, wasa ya dawo hannunka. Wallahi ko ƙiftawa ba mu yi. Ni hannuna bai taɓa iya cafe dutse ba, kullum ina zaune ina ƙirga ma wasu, shi ya sa na fi kowa lissafi a ajinmu. Malama ma ba mai wasa take kallo ba, bakinmu take kallo."

Ya ce takan gaya wa iyaye cewa yaro ba ya ƙirga abu don a yabe shi, yana ƙirgawa ne don kada ɗan'uwansa ya cuce shi. Ihun nan da nake jiyowa daga nesa shekara da shekaru, ashe ba ihun wasa ba ne, darasin ke nan. A wayar Saratu kuwa ba mai jira, ba na gaba, ba wanda zai cuce ka. Yaro shi kaɗai ne, kullum shi ke wasa, waya ke yi masa ƙirgar. Na tuna yatsar Ummi a kan albasa, da dariyar da na yi mata.

Shekara guda na yi da wannan magana a ciki, ni da ba na iya riƙe zance daga safe zuwa azahar. Na sha tambayar kaina abin da Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Ba na jin za ta tsani wayar. Mace ce da ke tsintar murfin kwalba da karan dawa in za su taimaki yaro, kuma da ta ji na'ura tana ƙirga da Hausa da ta yi wannan murmushin nata. Amma na san za ta leƙa zaurukanmu ta ga yara huɗu a tabarma ɗaya, kowa ya sunkuya a kan wayar uwarsa, ba mai gardama da wani. Za ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya a hankali ko lafiya yaran nan suka yi tsit haka. Wuraren da 'yan mata ke zama su yi carafke a unguwarmu yanzu duk an shafe su da siminti, ko tsakuwar ma sai ka nema.

Na yi ta ba kaina uzuri. Na ce wa zai cutu? Yara suna ƙaruwa da wani abu, Saratu ta sami abin riƙewa. Wannan wasan shi kaɗai ne wurin da ita da uwarta suka taɓa zama tare, in na ce mata ba haka ba ne, me na bar mata? Haka nake ta lallaɓa zuciyata har watan jiya, da ta shigo da fara'a ta ce wasu malaman firamare na Jega da Aliero da Maiyama za su taru, suna so ta je ta nuna musu wasan su gwada a azuzuwansu. Ta ce za ta fara da gaya musu cewa wannan hanyar mahaifiyarta ce. Ranar na fara jin ta ce mahaifiyata. A cikin masu taruwar kuwa akwai waɗanda suka yi aiki da Yaya, akwai waɗanda ta koyar. Ko dai wani ya tashi cikin mutane ya yi mata tambayar Mamman, ko kuma su yi mata kara su yi shiru, a ɗauki abin a raba wa yara da sunan Malama alhali ba nata ba ne.

Bayan la'asar na aika ta zo da gwangwanin. Na gaya mata komai, ban rage ba. Na ce ban taɓa zama a ajin ba, ƙarya na yi mata don na ga tana so. Na faɗi abin da Mamman ya ce kamar yadda ya faɗa. Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta irin ta ranar ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana juya gwangwanin a cinyarta, sannan ta ce, "Inna, tunda yau ranar gaskiya ce, in tambaye ki. Ta taɓa kiran sunana? Ko sau ɗaya, ko ba na nan?"

Ƙaryar tana kan harshena, a shirye, mai sauƙi. Na haɗiye ta. Na ce, "Ban taɓa ji ba, Saratu." Sai na ba ta abin da nake da shi na gaske, na gaya mata rakiyar bakin hanya da tambayar da ba ta taɓa fashi ba, tun tana aji ɗaya har ta gama jami'a. Ta ce in maimaita mata yadda take faɗa. Na maimaita. Ta ce, "Taki ta ce?" Na ce taki take cewa. Ta gyaɗa kai.

Can ta kira Ummi, ta juye duwatsun a ƙasa ta ware goma sha biyu. Ummi ba ta taɓa cilla dutsen gaske ba, ta gwada ya faɗo mata a goshi. Saratu ta ce ni in yi. Na zauna da ciwon gwiwata ina cillawa da hannun da ya manta, su biyu suna gabana suna jiran layi. Na ɗebi biyu, Saratu ta ce saura goma. Na sake ɗiba, da gangan na haɗa da uku. Ummi ta ƙura wa ƙasa ido, leɓenta na motsi, ta daɗe, sai ta zabura ta ce, "Kaka ta yi cuta! Bakwai ne, ba takwas ba!" Ta fizge dutsen daga hannuna. Na dubi Saratu, na ga ba duwatsun take kallo ba, bakin 'yarta take kallo. Tana da shekara talatin da 'yan kai ta fara zama a ajin uwarta, bayan an rufe uwar da shekara bakwai.

Ta je taron. Ban bi ta ba, ban da fuskar zuwa. Wata da ta halarta ta gaya mini cewa ta tsaya gaban mutane ta ce ita 'yar Malama Balkisu ce ta fari, amma ba ta san yadda take koyarwa ba, waɗanda suka sani su taimaka su gaya mata. Abin da ta kasa faɗa wa ƙannenta a ɗaki, shi na sa ta faɗa a bainar jama'a. Yanzu tana ƙoƙarin sake gina wasan yadda yara uku ko huɗu za su zauna kan waya ɗaya, wayar ta yi shiru sai na gaba ya faɗi saura nawa. Ta ce ba ta san ko zai yiwu ba, don kowace uwa so take a ba ɗanta shi kaɗai ya bar ta ta yi aiki. Ta cire sunan Malama daga saman wasan. Na ce ta bar sunan mana, ta ce sai ranar da ya cancanta. Tana zuwa gaishe ni kamar kullum, tana kawo mini cefane, amma ta daina tambayata komai game da Liba.

In na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Gwangwani ne da ya fara tsatsa, da magidanta irin Mamman da ke ƙirga abu da ido kafin wani ya buɗe baki, su ma ba su koya wa nasu 'ya'yan ba. Hanyarta ba ta rubuta a ko'ina ba, ta bar ta a kawunan yaran gari, ta hana 'yar cikinta saboda kunya, ni kuma na tsaya a tsakani ina jin daɗi. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mana ni da ita.

Yaya, kin yi ta tambayata a bakin hanya ina ba ki amsar wasa. Ga amsar gaske yau, ko da ta makara. Ta iya lissafi, ta iya ƙwarai. Kuma ba tawa ba ce, taki ce. Na sani tun ranar da aka sauke mini ita, na ƙi faɗa miki ne kawai.